Bindigogin hawan Sallah a Gumel: Tsohon ƙarfe zai ci gaba da jure wuta?

A yau idan mutum ya ga kalmar 'yan bindiga a fuskar wayarsa, gabansa ne ke faɗuwa, domin ya san abin da zai biyo baya: an kai hari, an kashe, an sace.

Amma a ƙofar fadar Gumel ranar hawan Sallah, kalmar tana nan da ma'anarta ta asali. 'Yan bindiga mutanen sarki ne da ke tafiya a ƙasa cikin jerin gwano, kowa da doguwar bindigarsa, suna ɗura albarushi suna harbawa sama. Ƙarar ce ke shaida wa na nesa cewa sarki ya fito. Hayaƙi ya turnuƙe, mata su rangaɗa guɗa, yara su toshe kunne amma su ƙi matsawa.

Hakimai da jama'arsu daga Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar kan shigo birni domin wannan rana, kuma da wuya a samu wanda zai ce hawa ya yi armashi idan bindiga ba ta yi kuka ba.

Sai dai akwai tambayar da ba a cika yi ba sai an samu tsautsayi: wannan bindiga da ake ɗura wa wuta a tsakiyar dubban mutane, wa ya duba lafiyarta? Shekararta nawa? Da wane irin ƙarfe aka yi bututunta?

A Turai da Amurka, inda harbi da tsofaffin bindigogin soja ya zama wasan da ake gasa a kansa, an daɗe ana muhawara a kan wannan batu, musamman game da libarba ta farko-farko. Abin da suka gano yana da amfani ga ƙasar Gumel, duk da cewa bindigar da bikin sun bambanta.

Yadda bindiga ta samu gindin zama a wannan yanki

An kafa masarautar Gumel wajajen shekarar 1750 a hannun Ɗan Juma da Mangawan da ke tare da shi, kuma ta daɗe a ƙarƙashin inuwar Borno. Jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da aka fara a 1804 bai ci ta ba, saboda haka ta zauna a matsayin ƙasar bakin iyaka tsakanin manyan dauloli.

A kudu da yamma akwai Kano. A gabas akwai Haɗejiya, wadda ta addabi maƙwabtanta zamanin Sarki Buhari. A arewa kuma ga Damagaram. A 1845 aka dawo da hedikwatar masarautar daga Tumbi, da ke cikin Jamhuriyar Nijar a yanzu, zuwa garin Gumel.

Ƙasar da ke tsakanin irin waɗannan maƙwabta ba ta rasa sanin makami. Borno ta san bindiga tun ƙarni na 16, lokacin da Mai Idris Aloma ya samo ƙwararrun maharba na Turkawa suka horar da mutanensa, kamar yadda limaminsa Ahmad bin Fartuwa ya rubuta.

A ƙarni na 19 kuwa Damagaram ce ta yi fice. Sarki Tanimu, wanda ya yi mulki daga 1851 zuwa 1884, ya tara dubban bindigogi ta hanyar fataken Sahara, kuma a birnin Zinder an riƙa haɗa albarushi, har ma da ƙera igwa. Daga baya Rabeh ya ci Borno a 1893 da rundunar da ƙarfinta ya dogara ga bindiga.

A mafi yawan masarautun ƙasar Hausa na wancan lokaci, jarumi a kan doki yake, da takobi da mashi da sulke ko lifidi. Bindiga kuwa galibi a hannun bayin sarki take, waɗanda ke yaƙi a ƙasa. Ba ta da saurin ɗuri, ba ta da saiti mai nisa, amma ƙararta da hayaƙinta na firgita dawakin abokan gaba. Wannan tsari ne ya bar mana sarautar Sarkin Bindiga a fadoji da dama, da kuma 'yan bindigar da muke gani suna tafiya a ƙasa ranar hawa.

Libarba a ƙugun Bature

Lokacin da Turawa suka iso, tazarar da ke tsakanin makaman ɓangarorin biyu ta yi yawa. Faransawa sun kama Zinder a 1899. Sojojin Ingila sun ci Kano a ranar 3 ga Fabrairun 1903, suka ci Sakkwato a watan Maris. A wannan shekarar ce Sarkin Gumel Ahmadu ya karɓi mulkinsu. Haɗejiya ta yi tirjiya har zuwa 1906.

Sojojin sun zo da bindiga mai sarrafa kanta ta Maxim da bindigogi masu cin harsashi ta baya. Hafsoshinsu kuma suna rataye da ƙaramar bindiga mai ganga da ke juyawa, wadda Bahaushe ya kira libarba. Rundunar Ingila ta karɓi ƙirar Webley a 1887, Faransa kuma tana da ƙirar 1873 da ta 1892.

Me ya sa irin waɗannan ba su yaɗu a hannun talakawa ba? Amsar tana cikin yarjejeniyar da ƙasashen Turai suka ƙulla a birnin Brussels a 1890. Sun amince a hana sayar wa mutanen mafi yawan Afirka bindigogin zamani, amma a bar musu bindigar ƙanƙara mai ɗuri ta baki da albarushin kasuwa.

Irin wannan bindiga ce Turawa suka laƙaba wa sunan mutanen Denmak, saboda 'yan kasuwarsu na cikin masu sayar da ita a gaɓar tekun Afirka ta Yamma. Mu kuma muka ce mata harba-ka-ruga, domin idan ka harba sau ɗaya, kafin ka sake ɗuri abin da ka harba zai iya cim maka.

Maƙeranmu sun koyi gyaranta, daga baya suka koyi ƙera ta. Ita ce ta zama bindigar mafarauta da masu gadin gona da 'yan bindigar sarki. Libarba kuwa ta tsaya a hannun hukuma.

Inda tsohuwar bindiga ta zama wasa

A can ƙasashen da aka ƙera waɗannan makamai, da aka daina yaƙi da su ba a zubar da su ba. A 1971 aka kafa ƙungiyar duniya ta masu harbi da bindigogi masu ɗuri ta baki, wato MLAIC, wadda ke shirya gasar duniya duk bayan shekara biyu.

A mafi yawan rukunan gasar, ɗan wasa yana harbi 13 cikin minti 30, sai a ƙirga masa goma mafi kyau. Akwai rukunin doguwar bindigar ƙanƙara ta soja, mai suna Miquelet, inda ake harbi a tsaye daga nisan mita 50. Wannan 'yar uwar harba-ka-ruga ce ta kusa.

Ita kuwa libarba, ana harbinta da hannu ɗaya daga nisan mita 25, kuma an raba ta gida biyu. Rukunin Colt na bindigogin asali ne da aka ƙera tun ƙarni na 19. Rukunin Mariette kuma na sababbin da aka ƙera a kan siffar tsofaffin ne, mafi yawansu daga kamfanonin Italiya irin su Uberti da Pietta.

Wannan rabo shi ne darasi na farko. Sun fahimci cewa bindigar da ta shekara 160 da wadda aka ƙera bara ba ɗaya ba ne, ko da kamanninsu ɗaya.

Ba kowace libarba ce ta dace da gasa ba

Samuel Colt ya samu lasisin mallakar fasahar libarba a Amurka a 1836. Irin na farko ba sa cin harsashi irin na yanzu. Gangar tana da ramuka biyar ko shida, a kowane rami a zuba albarushi, a danna dunƙulen dalma, sannan a ɗora 'yar hular tagulla mai tartsatsi a bayansa.

Ƙirar Colt Walker ta 1847, wadda aka yi wa sojojin dawakin Amurka, ta yi suna wajen ƙarfi. Guda 1,100 aka ƙera, nauyin kowace ya kai kilo biyu. Amma ƙarfen wancan zamani bai iya ɗaukar yawan albarushin da ramukanta ke ci ba, kuma gangar da yawa daga cikinsu ta fashe a hannun sojoji. Ga nauyi, ga haɗari, ga tsada a yau. Mai irin ta asali ba ya kai ta filin gasa.

Ƙirar Colt ta 1851 da ta 1860 sun fi daɗin riƙewa, amma jikinsu a buɗe yake ta sama. Wani ɗan ƙarfe mai kama da fegi ne ke riƙe bututu da sauran jikin, kuma wurin saiti na baya wani ɗan yanka ne a kan gudumar da ke motsi. Idan fegin ya ci, saiti ya canza.

Ƙirar Remington ta zamanin yaƙin basasar Amurka, 1861 zuwa 1865, jikinta a haɗe yake ya zagaye gangar, wurin saitinta kuma ba ya motsi. Wannan ne ya sa ita da takwararta Rogers & Spencer suka fi farin jini wurin masu neman maki.

Akwai kuma wata matsala da ta shafi dukkansu. Idan wuta ta tsallaka daga ramin da aka harba zuwa na kusa da shi, ramuka biyu ko uku kan tashi a lokaci guda. Maganinta shi ne dalmar da ta cika rami tsaf da hular da ta zauna daram.

Ita ma Webley, irin wadda hafsoshin Ingila suka rataya a ƙasar Hausa, ta gamu da nata. Ƙirar farko an yi ta ne domin baƙin albarushi. Bayan shekaru, da aka sayar da ragowar na soja a Amurka, an yanke bayan gangar da dama domin su ci wani harsashi na Amurka da ya fi wanda aka tsara musu ƙarfi. Har gobe masana na gargaɗin masu irin waɗannan, domin ƙarfen yana ɗaukar abin da ya fi ƙarfinsa.

A taƙaice, hukuncin da masu wannan wasa suka yanke shi ne cewa sunan bindiga da tarihinta ba sa ba ta lafiya. Abin dubawa uku ne: yadda aka ƙera ta, halin da ƙarfenta ke ciki a yau, da abin da ake ɗura mata.

Idan aka auna bindigar hawa da wannan ma'auni

A hawan Sallah ba a sa harsashi. Albarushi ne kawai da ɗan tsumma ko takarda da ake dannawa a kansa. Wannan kan sa mutane su ɗauka babu haɗari, alhali kuwa akwai, ta fuskoki da dama.

Na farko, tsatsa. Baƙin albarushi yana barin toka mai jan danshi a cikin bututu, kuma ita ce ke cin ƙarfe daga ciki. Bindigar da aka harba a babbar Sallah aka jingine ba a wanke ba, damina ta wuce a kanta, za ta iya yin kyau a ido alhali cikinta ya rarake. Wurin da ya fi lalacewa shi ne gindin bututu, inda wuta ke tashi, kuma nan ne daidai fuska da hannun mai harbi.

Na biyu, irin ƙarfen. Bututun bindiga na gaskiya ana yin sa ne domin ya jure matsin wuta. Idan aka yi amfani da bututun ruwa, wanda galibi yana da layin walda a tsawonsa, to wannan layi shi ne wurin da zai fara tsagewa.

Na uku, abin da ake ɗurawa. A 1884 wani Bafaranshe mai suna Paul Vieille ya samar da albarushi marar hayaƙi, wanda shi ne ke cikin harsasan zamani. Matsin da yake haifarwa ya ninka na baƙin albarushi nesa ba kusa ba. Zuba shi, ko wani haɗi da ba a san ƙarfinsa ba, a bindiga mai ɗuri ta baki, daidai yake da riƙe bam a hannu.

Na huɗu, gasar ƙara. Matashi yana son tasa ta fi ta kowa amo, sai ya ƙara ɗuri, ya danna tsumma da ƙarfi. Haka nan idan bindiga ta ƙi tashi cikin hayaniya, mai ita bai lura ba ya sake ɗura wani a kai, ɗuri ya zama biyu.

Na biyar, garwashin da ya rage. Bayan harbi, ɗan tartsatsi kan saura a cikin bututu. Idan aka zuba sabon albarushi kai tsaye daga gora ko kwalba, wutar za ta iya bin sa har cikin gorar da ke hannun mutum. Wannan ne ya sa dokar MLAIC ta hana ɗuri daga babban mazubi. Kowane ɗuri ana auna shi tun da wuri, a zuba a ɗan mazubinsa daban.

Na shida, kusanci. Wutar da ke fita daga bakin bindiga, ko babu harsashi, tana ƙuna tana kuma huda nama daga kusa. A 1984 wani ɗan wasan talabijin na Amurka, Jon-Erik Hexum, ya mutu bayan ya ɗora bakin libarba mai albarushi zalla a gefen kansa ya ja kunama cikin wasa. Idan kuma tsakuwa ta shiga cikin tsumman da aka danna, ko aka manta sandar ɗuri a cikin bututu, to ta zama harsashi.

Sai kuma kunne. Ƙarar bindiga takan haura ma'aunin desibel 140, matakin da zai iya lalata ji nan take. Wanda ya shekara 20 yana harbi a kowace Sallah ba tare da ya toshe kunne ba, da wuya jinsa ya fita lafiya.

Me doka ta ce?

Dokar Bindigogi ta Najeriya, wadda aka kafa a 1959 kuma take cikin kundin dokokin tarayya na 2004, ta kasa bindigogi kashi uku.

Kashi na farko su ne haramtattu, waɗanda ba a mallaka sai da lasisin Shugaban Ƙasa. A nan ne dokar ta sa igwa da bindigogi masu sarrafa kansu da na soja. A nan ne kuma ta sa libarba da duk wata ƙaramar bindigar hannu, har da tsofaffin masu ƙanƙara ko hular tartsatsi.

Ma'ana, wanda ya gaji libarba daga kakansa da ya yi aikin soja ko ɗan doka zamanin Turawa, tsufanta bai fitar da ita daga wannan kashi ba. Saboda haka maganar gasar libarba irin ta Turai ba ta ma taso ba a Gumel ko Maigatari. Wurin irin wannan bindiga shi ne hannun hukuma ko gidan tarihi.

Kashi na biyu su ne irin bindigar harbin tsuntsu da ta farauta, waɗanda lasisinsu ke hannun Sufeto Janar na 'yan sanda.

Kashi na uku su ne dogayen bindigogi masu ɗuri ta baki, wato harba-ka-ruga da danginta. Dokar ta ba Kwamishinan 'yan sanda na jiha iko, da amincewar gwamna, ya hana mallakarsu sai da lasisi. Ƙera su da gyaransu ma sai da izini.

A 2021 gwamnatin tarayya ta kafa cibiyar taƙaita yaɗuwar ƙananan makamai a ƙarƙashin ofishin mai ba Shugaban Ƙasa shawara kan tsaro, kuma a 2024 aka sa hannu a kan dokar da ta ƙarfafa ta. Bindigogi ƙirar gida na cikin abubuwan da ake sa wa ido.

Ga yanki irin Maigatari, da ke bakin iyaka da Nijar, inda kasuwar dabbobi ta ranar Alhamis ke tara baƙi daga ko'ina, ba za a ga laifin jami'in tsaron da ya tsare mai bindiga ba. Matsalar ita ce idan babu rajista babu shaida, ba shi da hanyar bambance ɗan bindigar sarki da wanda ya fake da al'ada. A irin wannan hali, abin da ya fi sauƙi ga hukuma shi ne ta hana kowa.

Yadda wasu suka tsare tasu al'adar

Maroko tana da wasan da ya yi kama da namu ƙwarai, wanda suke kira Tburida. Mahaya 15 zuwa 25 ne ke jeruwa a layi ɗaya a ƙarƙashin jagora, su sako dawaki a guje kamar masu jafi, sannan su harba dogayen bindigoginsu a lokaci guda.

Ba harsashi, ba abin da ake saitawa. Gwanintar ita ce bindigogin duka su tashi tare har a ji kamar guda ɗaya ce. Alƙalai na duba wannan, su duba daidaiton layi da ado da sarrafa doki. Ana gasar ƙasa a birnin Rabat domin cin kofin Sarki Hassan na Biyu, kuma a 2021 hukumar UNESCO ta sa wasan cikin jerin al'adun duniya da ake tattalinsu.

A yankin Bavariya na Jamus ma akwai ƙungiyoyin da ke harbin albarushi zalla a bukukuwan addini da na gari. Doka ta wajabta wa mai harbin ya yi kwas ya samu izinin riƙe albarushi, sannan a riƙa mayar da abin harbin gidan gwaji duk bayan shekara biyar.

Shi wannan gwaji tsohon abu ne. An buɗe gidan gwajin bindigogi na Birmingham a Ingila tun 1813. Ana ɗura wa bututu fiye da abin da zai ɗauka a aikinsa na kullum, a tayar da shi daga nesa a ɗaki mai kariya. Idan ya jure, a buga masa hatimi. Idan ya fashe, ya fashe ba a hannun kowa ba. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

A nan gida, UNESCO ta karɓi hawan Sallar Kano cikin wancan jeri a watan Disamban 2024. Wannan ya ƙara jawo idon duniya ga hawan masarautunmu baki ɗaya, kuma duk abin da ido ya yi yawa a kansa, tsautsayi ɗaya ya isa ya ɓata masa suna.

Abin da za a iya yi a masarautar Gumel

Ba sai an gina gidan gwaji irin na Birmingham ba kafin a fara. Masarautar tana da abin da ƙungiyoyin Turai suka sha wahala kafin su gina, wato shugabanci da ake jin maganarsa, daga fada zuwa hakimi zuwa dagaci zuwa mai unguwa. Mai Martaba Alhaji Ahmad Muhammad Sani na Biyu yana kan gadon sarauta tun 1980, kuma ƙananan hukumomi huɗu ne kacal a ƙarƙashinsa. Abu ne da za a iya ƙirgawa.

Matakin farko shi ne rajista. A san sunan kowane ɗan bindigar hawa da garinsu da bindigarsa, a buga wa kowace lamba, a ba rundunar 'yan sanda kwafi. Wannan kariya ce ga shi kansa mai bindigar.

Na biyu, a raba ta gado da ta aiki, kamar yadda MLAIC ta raba ta asali da sabuwa. Bindigar da aka tabbatar ta kakanni ce, mai tarihi, a riƙa fitowa da ita a kafaɗa domin ado amma kada a ɗura mata wuta. Idan ta fashe, an yi asarar hannu an yi asarar tarihi. Hukumar kula da gidajen tarihi ta ƙasa za ta iya taimakawa wajen tantance irin waɗannan da rubuta labarinsu, kamar kayan yaƙin da ake nunawa a Gidan Makama na Kano.

Na uku, dubawa kafin kowace Sallah. Amintattun maƙera da ke da izini su zauna da masu kula da makamai na 'yan sanda, a duba cikin bututu da gindinsa da kunama. Wadda aka samu da tsaga ko rami a ajiye ta.

Na huɗu, albarushi ya fito daga hannu ɗaya, a aune, a ƙunshi ɗaya-ɗaya. Kada kowa ya zo da haɗinsa daga gida, kuma kada a ɗura daga gora.

Na biyar, tsari a fili. A ware wuraren harbi da tazara daga 'yan kallo da rumfunan ciyawa, baki a sama koyaushe, ba yaro, ba wanda ya sha wani abu. Bindigar da ta ƙi tashi a fitar da ita daga layi, a jira, kada a leƙa bakinta. Auduga a kunne ba ta rage wa namiji komai.

Na shida, wanki a ranar. Ruwa mai ɗumi, a busar, a shafa mai. Aikin minti kaɗan ne, amma shi ne ke raba bindigar da za ta shekara 30 da wadda za ta ci amanar mai ita.

Idan waɗannan suka zauna, sai a yi maganar gasa. Ƙungiyar Gumel da ta Maigatari da ta Gagarawa da ta Sule Tankarkar su kara, ba a kan wa ya fi ƙara ba, a kan wa ya fi haɗa harbi a lokaci guda, wa ya fi tsabtar makami, wa ya fi kiyaye ƙa'ida, wa ya fi ado. Idan kyauta ta koma kan daidaito, dalilin cika ɗuri ya kau.

Abin da ke cikin haɗari

Za a samu masu cewa a wannan zamani na rashin tsaro, ya fi kyau a cire bindiga daga hawa gaba ɗaya. Maganarsu tana da nauyi, domin babu al'adar da ta kai ran mutum.

Amma hanin da ba shi da tsari ba ya kawar da bindiga daga ƙauye, sai dai ya mayar da ita ƙarƙashin gado, inda ba mai dubawa. Abin da zai ɓace shi ne na fili: sarautar, da kirarin, da ilimin da dattijo ke koya wa yaro game da abin da ake yi da wanda ba a yi da makami.

Waɗanda suka san wannan ilimi tsufa suke yi. Masu karɓa daga hannunsu matasa ne da suka tashi da bidiyon waya, inda wanda bindigarsa ta fi ƙara shi ke samun masu kallo. Tsakanin wannan Sallah da mai zuwa akwai isasshen lokacin da za a tara su, a rubuta sunayensu, a leƙa cikin bututun kowace bindiga da fitila. Rigakafi dai ya fi magani.